Mintuna Huɗun da Ban Ɗauka Ba

Ana gobe ɗaurin aurenta, bayan an watse daga kamu, Yaya ta aika a kira ni ɗakin Umma. Na same ta zaune bakin gado, hannu da ƙafa duk lalle. Ta ce, "Auta, abu ɗaya nake so ka yi mini gobe. Ba ruwana da motoci, ba ruwana da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Inda Baffa zai ce ya ba da ni, shi nake so in gani."

Kun san amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aurenta. Tana cikin gida za a shigo da goro da alewa a ce mata an ɗaura. Mu kuwa mahaifinmu ya rasu ina aji uku na firamare, ƙanensa ne ya riƙe mu, shi ya biya wa Yaya kuɗin makaranta har ta gama. Shi ne waliyyinta. Na bugi ƙirji na ce mata ta kwantar da hankalinta, za ta gani fes kamar tana wurin.

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina jiran sakamako, ina kuma koyon aiki a wani shagon masu ɗaukar bidiyon biki a nan Kano. Wata bakwai na yi ina riƙe fitila da naɗe wayoyi kafin maigidana ya yarda in taɓa kyamara. Da bikin gidanmu ya zo sai ya yi mini halacci, ya ara mini wadda ya fi ji da ita, Blackmagic Pocket Cinema Camera 4K. Wani kamfanin Ostireliya ne ya fito da ita a 2018. Ba ta da girma, hannu ɗaya ma ya riƙe ta, amma tana ɗaukar abin da ake kira ɗanyen bidiyo, wanda a allonta za ka ga an rubuta RAW.

Bari in tsaya kan wannan kalma, don ita ce ta ruɗe ni. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kansa, cike da miliyoyin ƙananan idanu. Kowane ido launi ɗaya yake gani: rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Wani ma'aikacin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya tsara wannan jeri, aka yi masa rajista a 1976. Wayar da ke aljihunka, da zarar ta karɓi wannan haske sai ta haɗa launukan, ta yanke hukuncin inda zai yi haske da inda zai yi duhu, ta zubar da mafi yawan bayanan, ta miƙo maka ɗan ƙaramin fayil. Dafaffen abinci ke nan. In gishiri ya yi yawa, ya riga ya yi. Ɗanyen bidiyo kuwa cefane ne. Kyamara ta ajiye maka kusan duk abin da idanun nan suka gani, kai za ka zauna gaban kwamfuta ka dafa yadda kake so.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar ɗaurin aure a ƙasarmu. Ƙarfe biyu na rana, dattawa sanye da farar shadda tana ƙyalli, fuskokinsu baƙaƙe ƙarƙashin hula da rawani, rabi cikin inuwar rumfa rabi cikin rana. In ka gyara don riga ta fito, fuska ta ɓace. In ka gyara don fuska, riga ta zama farin fili, aikin wuyan da aka kashe wa kuɗi ya tafi. Bidiyon waya yawanci matakan haske 256 yake da su a kowane launi. Ɗanyen bidiyo mai bit 12 yana da 4,096. Da wannan yalwar za ka iya dawo da zanen riga, ka kuma fito da fuskar Baffa. Abin da na so ke nan, kuma har yau ban ga laifin son ba.

Sai dai shi cefane wuri yake ci. Ɗauko biro ka yi lissafin da ni ban yi ba. Hoto ɗaya na 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance, 2,160 a tsaye. Ninka su, za ka sami 8,294,400. Kowane ɗigo bit 12, bit takwas kuma su ne bayit ɗaya, wato bayit ɗaya da rabi ke nan ga kowane ɗigo. Hoto ɗaya ya tashi megabayit 12.4. Bidiyo hotuna ne a jere, guda 25 a kowane sakan: megabayit 311 a sakan, gigabayit 18.7 a minti. Ma'aji mai terabayit ɗaya ba zai kai awa guda ba, a minti na 53 zai cika. Kwatanta da wayarka, wadda bidiyon minti ɗaya na 1080 bai cika wuce megabayit 150 ba. Akwai wata 'yar kyamarar Japan, Sigma fp, da ta fito a 2019, nauyinta giram 422 kacal. Ita haka take zubo ɗanyen bidiyonta ba matsi, kusan megabayit 300 a sakan, shi ya sa in kana son bit 12 a 4K dole ka jona mata ma'aji daga waje, katin cikinta ba zai iya ba.

Wadda aka ara mini tana da rangwame. Tana matse ɗanyen bidiyon, kuma kai za ka zaɓi yawan matsin: 3:1, 5:1, 8:1 ko 12:1. Maigidana zai tafi wani aiki Kaduna da ma'ajinsa duka, ya bar mini katin SD guda biyu. Ya ce, "Ka sa ta a 12:1, hoto 25 a sakan. Katin nan zai ɗauka, kuma wallahi ba mai gane bambanci a talabijin ɗin gida." Na ce to Oga. A raina kuwa na ce bikin Yaya ne, ba zan yi mata aikin rowa ba. Na zaɓi 3:1. Na kuma ɗaga zuwa hoto 50 a sakan, don in riƙa rage gudun bidiyon a ga manyan riguna suna kaɗawa a hankali kamar a fim. Da na yi lissafi da na ga abin da na jawo wa kaina: 311 sau biyu, a raba uku, sama da megabayit 200 a kowane sakan. Abin da Oga ya ce kuwa bai wuce 26 ba.

Katin SD ba zai ɗauki 200 ba, wannan na sani. In ka duba jikin katin za ka ga harafin V da lamba: V30, V60 ko V90. Ƙungiyar masu tsara katin SD ce ta shigo da wannan alama a 2016, kuma ma'anarta alkawari ne, cewa katin ba zai taɓa rubuta ƙasa da megabayit 30, ko 60, ko 90 a sakan ba. V90 shi ne ƙarshe. Kyamarar tana da gurbin wani kati mai suna CFast wanda ya fi gudu nesa ba kusa ba, amma da na ji farashinsa sai na ja bakina na yi shiru. Ya rage hanya ta uku, wadda ita ce ta sa masu ƙaramin ƙarfi suka so wannan kyamara: tana da ƙofar USB-C, irin ta cajar waya, za ka jona mata SSD daga waje ta riƙa rubutawa kai tsaye. SSD ma'aji ne marar abin juyawa a ciki, bai fi tafin hannu ba, kuma gigabayit ɗinsa ya fi na kati araha sosai.

Wanda kowa ke amfani da shi a irin wannan kyamara a lokacin shi ne Samsung T5, wanda ya fito a 2017. Na je kasuwa da kuɗin da na tara. Ba su kai ba. Mai shagon ya ɗauko mini wani, sunansa ban taɓa ji ba, gigabayit 500, kusan rabin kuɗin wancan. A kwalin an rubuta 550 MB/s da manyan baƙaƙe. Na ce 550 ai ya ninka abin da kowace kyamara ke nema. Na dawo gida na jona, na ɗauki ƙanwar Umma tana tankaɗe na sakan talatin, na duba, lafiya lau. Gwajina ke nan duka. Daren kamu na yi ta ɗauka gutsi-gutsi, minti ɗaya nan, rabin minti can, ba abin da ya faru. Sai dai kafin a tashi na cinye fiye da rabin ma'ajin, kuma ban juye a kwamfuta ba, don gajiya da rashin wuta.

Ranar Juma'a, watan Afrilu. Duk wanda ya san Kano ya san ranar Afrilu. Na ɗaure SSD ɗin a saman kyamara da roba, baƙin kwanso ƙarƙashin rana tun kafin a shiga masallaci. Aka idar da salla, aka shimfiɗa tabarmi, na sami wuri mai kyau daf da liman. Na danna ɗauka tun mutane suna zazzaunawa, don kada in rasa komai. Wakilin ango ya gyara zama ya fara neman aure. Na ɗaga kai daga allon, wanda da ma rana ta hana ni ganinsa sosai, ina kallon Baffa. Muryarsa ta yi rawa da ya ambaci sunan mahaifinmu. Ya ce ya ba da ita. Aka faɗi sadaki, shaidu suka shaida, liman ya yi addu'a, aka shafa. Sanƙira ya ɗaga murya. Sai a lokacin na kare allon da tafin hannu na duba.

Jar alamar ɗauka ba ta nan. Kyamarar ta tsaya da kanta. Na koma baya na duba fayil na ƙarshe: ya ƙare daidai inda wakilin ango ke gyara hularsa. Abin da ya biyo baya, kimanin minti huɗu, babu shi a ko'ina.

Ban faɗa wa kowa ba sai da Oga ya dawo ranar Lahadi. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya jona SSD ɗin a kwamfutarsa, ya juye abin da ke ciki, sannan ya tura masa wani ƙaton fayil, ya ce in zuba wa lambar ido. Da farko tana sama da 400. Na ce, "Oga ka gani, ai yana gudu." Ya ce in dai jira. Ba a daɗe ba lambar ta rikito, ta koma ƙasa da 80, ta zauna a nan.

Ga abin da ya bayyana mini, wanda daga baya na karanta na tabbatar. Yawancin SSD suna ware wani sashe mai saurin karɓa, kamar zauren gida. Baƙi na shigowa zaure da gudu, daga nan ake shigar da su cikin gida a hankali. In baƙin kaɗan ne, ko suna zuwa jefi-jefi, ba za ka taɓa sanin ƙofar cikin gida ƙarama ce ba. In kuwa suka yi ta kwarara ba tsayawa, zaure ya cika, sai kowa ya koma bin gudun ƙaramar ƙofar. A SSD masu araha wannan ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kuma zauren kansa yana raguwa yayin da ma'ajin ke cika. Zafi ma yana sa SSD ya rage gudu da gangan don kada ya lalace. Ni na haɗa duka ukun: doguwar ɗauka, ma'aji ya haura rabi, ga rana. Lambar kan kwali ba lallai ƙarya ba ce. Gudun zaure ne, sau da yawa ma gudun karantawa ne ba na rubutawa ba, kuma in ka duba da kyau za ka ga an sa "har zuwa" a gabanta da ƙananan baƙaƙe. Kwafar fim daga kwamfuta tana iya jira. Kyamara ba ta jira, hoto 50 na tahowa kowane sakan ko an shirya ko ba a shirya ba. Akwai wani zaɓi a cikinta da ke tsayar da ɗauka in ma'aji ya fara zubar da hotuna, kuma a kunne yake. Ta yi abin da aka ce ta yi.

Abin da ya fi ci mini rai, katin SD ɗin Oga yana cikin kyamarar duk tsawon lokacin, ba komai a kansa.

Tun daga nan na zama mai yawan tambaya kan ma'aji, har abokan aiki suna tsokanata. Na gano cewa kebul ma yana kayar da mutum. Ƙofar USB-C siffa ce kawai, ba ta gaya maka gudun abin da ke ciki. Yawancin wayoyin caja da ke zuwa da wayar hannu USB 2.0 ne, iyakarsu megabit 480 a sakan. Kula da kalmar: megabit, da ƙaramin b. Raba da takwas, megabayit 60 ke nan, a takarda ma. Ka sayi SSD mafi tsada a duniya, ka jona shi da wayar caja, ka mayar da shi kunkuru. Kebul ɗin da ya zo cikin kwalin SSD shi ne abin riƙewa, gajere, kuma a ɗaure bakinsa da maɗauri a jikin kejin kyamara, domin a cikin turmutsutsun biki gwiwar hannun mutum ɗaya ta isa ta zare shi. Sannan SSD daga batirin kyamara yake shan wuta, sai a ƙara yawan batir.

Akwai kuma na jabu tsagwaron, waɗanda nawa ma ya fi su mutunci. Za ka ga an rubuta terabayit 2 ko 4 a farashin da bai kai na katin waya mai kyau ba. In aka fasa kwanson, ɗan ƙaramin kati ne a ciki, wani lokaci da guntun ƙarfe a manne don ya yi nauyi a hannu. An yi masa dabara yana gaya wa kwamfuta girman da ba shi da shi, yana karɓar fayil yana rubutawa a kan na baya. Akwai wata manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika ma'aji gaba ɗaya ta karanto, ta tona asirin irin waɗannan. Amma kada ka tsorata in ka sayi terabayit ɗaya na gaske Windows ta nuna maka 931. Bambancin ƙirga ne, masu ƙerawa da dubu suke lissafi, kwamfutar da 1,024.

Filash da faifai mai juyawa, wanda ake kira HDD, ba na ɗauka ba ne. Shi HDD yana da amfaninsa a gida, wurin ajiye kwafi na biyu, don yana da araha. Sababbin kyamarori da yawa sun koma wani kati mai suna CFexpress da ke haura megabayit 1,000 a sakan, ga mai hali. Wasu ƙananan kyamarorin Nikon da Panasonic da Sony kuwa ta ƙofar HDMI suke fitar da ɗanyen bidiyo zuwa wata na'ura mai allon inci biyar, Atomos Ninja V, wadda ke da nata SSD da nata batir. Na taɓa riƙe irin wannan haɗin sau ɗaya. Allon yana da haske, ko a rana ana gani, da shi nake da shi ranar nan da na lura da wuri. Amma da ka ɗora shi, 'yar ƙaramar kyamararka ta tashi daga ƙarama.

Na san yawancinku waya ce a hannunku, ita ma wataƙila ta aro. Kada ku ɗauka zancen ya yi muku nisa. iPhone 15 Pro ta 2023 tana iya rubuta babban bidiyo kai tsaye a SSD ta USB-C, kuma 4K mai hoto 60 a tsarin ProRes ba ta yarda ta ɗauke shi sai da ma'ajin waje. Akwai kuma masu sayen tsohuwar Canon EOS M ta 2012 a gwanjo, su sa mata manhajar Magic Lantern da 'yan sa-kai suka rubuta, su ɗauki ɗanyen bidiyo da ita. Gurbin katinta kimanin megabayit 40 yake rubutawa a sakan, don haka sai su rage girman hoton har lissafin ya shiga. Lissafin dai shi ne wanda muka yi a sama: ɗigo nawa, bit nawa, hoto nawa a sakan, ma'aji nawa zai iya haɗiya ba tare da ya shaƙe ba.

Yanzu duk sabon SSD da ya shigo shagonmu ni ke gwada shi. Ina fara duba ko yana cikin jerin waɗanda masu kyamarar suka amince da su, suna wallafa jerin a shafinsu. In yi masa fomat a cikin kyamarar kanta. Sannan in fita da ita tsakar gida da rana, in sa ta a matsi mafi nauyi da zan yi aiki da shi, in danna ɗauka, in bar ta har ma'ajin ya cika. Minti arba'in ko awa guda ina zaune ina kallon bango. A wurin aiki kuwa 8:1 nake sawa, wani lokaci 12:1, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da bidiyo ya ce bai yi kyau ba.

Yaya na je na same ta a gidanta bayan sati guda. Na faɗa mata gaskiya ina kallon ƙasa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ba komai Auta, Allah bai nufa ba." Ta tashi ta zubo mini abinci. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Wajen wata biyu bayan haka, wani abokin ango ya turo mata wani guntun bidiyo da ya ɗauka da wayarsa daga can baya. Sakan arba'in ne. Hannunsa na rawa, kan wani mutum ya tare rabin hoton, rigunan duk sun zama farin fili, fuskar Baffa ba a gane ta. Amma ana jin muryarsa, har inda ta yi rawa. Shi ne a wayarta har yau, ta tura wa Umma, ta tura mini. Nawa bidiyon na tace shi ya fito yadda na yi mafarki, ana ganin kowane zare na aikin rigar Baffa yana zaune yana jiran a fara. Ɗanyen fayilolin, gigabayit ɗari uku da wani abu, suna nan a wani faifai cikin durowar shago. Oga ya tambaye ni sau biyu ko zai goge ya sami wuri, na ce ya ɗan ƙara mini lokaci.